Maganin tazarar haihuwa kyauta ne, to me ya tsare shi a birni?

Ɗalibar Lafiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina aikin kammala digiri na biyu a kan tazarar haihuwa, kuma akwai alƙaluman da nake so mu duba tare, tunda muna da ma'aikatan asibiti da malamai a cikinmu. Binciken lafiyar iyali da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018, wanda aka zanta da mata sama da 40,000, ya nuna kashi 12 cikin 100 kacal na matan aure a Najeriya ke amfani da hanyar zamani ta tazarar haihuwa. A Legas kashi 29 ne, a Sakkwato da Yobe kashi 2. Ta fuskar abin hannu kuma, matan gidajen da suka fi talauci kashi 4, na masu hali kashi 22. Da aka maimaita binciken a 2023 zuwa 2024, adadin ƙasa baki ɗaya ya ɗan hau zuwa kashi 15. Alhali tun 2011 gwamnatin tarayya ta ce kayan kyauta ne a asibitocin gwamnati. To me ya hana su isa ga matar ƙauye?

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Malama, ai tambayar taki ta riga ta yanke hukunci. Kin ɗauka duk wadda ba ta amfani da shi hana ta aka yi. In matar Sakkwato 'ya'ya takwas take so, Allah ya ba ta takwas, ina zaluncin yake? Mu fa mun gaji da a riƙa auna mu da Legas.

Ɗalibar Lafiya: Maganarka tana kan hanya, Baban Sadiq, kuma masu binciken sun san da haka. Shi ya sa suke ware wani rukuni daban: matar da ta faɗa da bakinta cewa tana so ta huta aƙalla shekara biyu kafin wani cikin, ko ta ce haihuwar ta ishe ta, amma ba ta amfani da komai. A 2018 su ne kashi 19 na matan aure, a binciken 2023 zuwa 2024 kashi 21. Kusan mace ɗaya cikin biyar ke nan. Da su nake, ba da mai son takwas ba.

Anti Ungozoma: Ƙanwata, kyautar nan a takarda take. Allurar ko ashanar da ake sakawa a ƙarƙashin fatar hannu ita ce kyauta, in akwai ta. Safar hannu fa? Auduga, maganin kashe zafi, gwajin ciki, kati? Wurare da yawa mace ce za ta biya, don babu wanda ya aiko da kuɗinsu. Ki haɗa da kuɗin mashin zuwa da dawowa, wanda a wasu ƙauyukan ya haura cefanen yini. Ta bar surfe da girki, ta nemi izini, ta sha rana, ta iso a ce mata allura ta ƙare, ta dawo wani makon. Ba za ta dawo ba. Wata uku a gaba sai ki gan ta a layin awo.

Sai batun ma'aikata. A 2014 an fito da tsarin da ya ba ma'aikatan lafiya na matakin farko damar yin allura da saka ashana in an horar da su, kuma tsarin ya taimaka ƙwarai. Amma je ki asibitin sha-ka-tafi na ƙauye ki gani. Sau da yawa mutum ɗaya ne, shi ne mai rigakafi, shi ne mai duba zazzaɓi, shi ne mai rubuta rahoto, kuma namiji ne. Wace matar aure ce za ta kwanta namiji ya saka mata robar mahaifa? Mu mata da muka yi karatun kuma, gaskiya ɗaya ce, kowa birni take so a ajiye ta kusa da mijinta da makarantar yara.

Maman Ilham: Ni ba nisa ne ya kore ni ba, a cikin gari nake. Bayan na yi kwanika sau biyu a jere, jikina duk ya mutu, maigidan da kansa ya ce in je. Aka yi min allurar wata uku, ba wanda ya ce min uffan. Sai jini ya ƙi tsayawa, yau ɗigo gobe ɗigo, na rasa gane salla ta kama ni ko ba ta kama ni ba. Na koma in yi tambaya, matar da na tarar ta ce wai ni kaɗai ce na taɓa yin allura? Daga ranar ban sake komawa ba. Kuma wallahi duk wadda ta tambaye ni a unguwa ce mata nake ta kiyayi abin nan.

Ɗalibar Lafiya: Sannu Maman Ilham. Abin da ya same ki shi ne abin da ya fi fitowa a bincike. Cibiyar Guttmacher ta Amurka ta tattara bayanan ƙasashe 52 a 2016, ta duba dalilan matan aure masu son hutu amma ba sa amfani da komai. Kashi 26 tsoron illa ga lafiya suka ambata, kashi 24 suka ce ba su cika kusantar miji ba, kashi 23 su ko wani nasu ne ba ya so, kashi 20 suna shayarwa ko al'ada ba ta dawo ba. Waɗanda suka ce tsada ko nisa ko rashin sani kaɗan ne ƙwarai. Ni ma da na fara karantawa sai da na yi mamaki.

Anti Ungozoma: Ni ban yi mamaki ba, sai dai kar a ɗauki wannan a ce nisa ba matsala ba ce. Matar birni mai ilimi in allura ba ta karɓe ta ba, gobe za ta koma ta canza zuwa wata hanya, ko ta kira ƙawarta likita. Matar ƙauye dama ɗaya gare ta. In ta lalace, shi ke nan, ita da duk matan gidansu.

Maman Ilham, ki yi haƙuri, ga abin da ya kamata a faɗa miki tun ranar farko. Allurar wata uku tana rikita al'ada, wata ta yi ta ɗigo, wata ta ɗauke mata gaba ɗaya, kuma ɗaukewar ba wai jini ne ke taruwa a ciki ba. Yawanci yana lafawa bayan wasu watanni, kuma akwai maganin da ake bayarwa a rage shi. In an daina, ciki kan yi jinkiri na wasu watanni, wata har kusan shekara, amma ba ta kashe mahaifa. Ashanar hannu iri biyu muka fi samu: Implanon ta shekara 3, Jadelle ta shekara 5. Ita ma tana taɓa al'ada, amma ana cire ta mace za ta iya ɗaukar ciki. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10, babu sinadarin da ke shiga jini, sai dai takan ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara a farko. Bayanin nan bai fi minti biyar ba. Mai kuɗi ana yi mata shi a asibitin kuɗi, har da ba ta kujera. Talaka sai a ce ta miƙo hannu.

Baban Sadiq: Duk na ji. Amma ku amsa min wannan: me ya sa Turawa suka fi damuwa da mahaifar matanmu fiye da cikinmu da ke jin yunwa? Mu Kanawa ba mu manta da 1996 ba, lokacin sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan, gwajin da aka sa yara kusan 200 a ciki, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Sai 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ɗan Jarida: Babu mai hankalin da zai ce tsoron nan ba shi da tushe, shi ne ma ya ƙara wa ƙauracewa rigakafin shan inna wuta a 2003. Amma Baban Sadiq, dubi ɗaya gefen. Dalilin da ya sa baƙi ke da baki a harkar shi ne mu mun ƙi saka kuɗinmu. A nan Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware kashi 15 na kasafi ga lafiya, Najeriya ba ta taɓa kaiwa ba. A 2021 Birtaniya ta zabtare kashi 85 na tallafin da take ba shirin sayen kayan tazarar haihuwa na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje. Kowane karo wa ke fara ji a jika? Ba matar babban ma'aikaci ba, ita za ta shiga babban kantin magani ta saya. Wadda ke dogara da asibitin ƙauye ce za a ce wa babu.

Baban Sadiq: To ai gara su janye ɗin, mu san matsayinmu.

Ɗan Jarida: Da gwamnonin namu za su cike gurbin, da na taya ka murna.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, ku bar batun Turawa tukuna, ku zo cikin gida. Mu a zamaninmu akwai tazara, ba da allura ba. Mace ta haihu, ta tafi gidan iyayenta wankan jego, wata sai ta yi watanni. Yaro sai ya kusa shekara biyu ake yaye shi, kuma abin kunya ne a ce ta yi ciki da goyo, har habaici ake mata a rijiya. Yanzu ana yin arba'in an koma ɗaki. An yar da na da, ba a kama na yanzu ba.

Abu na biyu da ba za ku gani a takardunku ba shi ne kishi. Gidan mata uku, kowa na ƙirga 'ya'yan 'yar'uwarta saboda gado da fada a wurin miji. Ki je ki ce wa amarya ta huta shekara uku alhali uwargida na da bakwai? Ko a ƙofar ɗakinta kika kafa asibiti ba za ta shiga ba. Wannan ba ma'aikacin lafiya ne zai gyara shi ba, adalcin maigida ne.

Maman Ilham: Hajiya kin gama magana wallahi.

Mai Zaure: Allah gafarta Malam, an ambaci addini a kaikaice, muna so mu ji daga bakinka.

Malam Na Tsangaya: Bismillah. Abin da na sani shi ne, ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Jabir, Allah ya yarda da shi, cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani na sauka, ba a hana su ba. A kansa malamai suka yi ƙiyasin hanyoyin wucin gadi. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga wanda ya so cikawa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa bai halatta hukuma ta kafa dokar ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya ba, kuma haramun ne a kashe haihuwa gaba ɗaya sai da lalura, amma ya halatta a jinkirta ciki na wani lokaci in akwai buƙata, da shawara da yardar juna, ba tare da cutarwa ba. Inda nake jan kunne shi ne niyya. Kar a yi don tsoron Allah ba zai ciyar ba. A yi don lafiyar uwa da haƙƙin yaron da ke kan nono.

'Yar Gidan Malam: Allah gafarta Malam, in mijin ya ƙi fa, likita kuma ya ce wani cikin zai iya kashe ta? Yayata an yi mata tiyata sau uku, ta ƙarshe har da jijjiga. Mijin ya ce shi ba a yin wannan a gidansa.

Malam Na Tsangaya: In likita amintacce ya tabbatar da hatsari ga rai, to an shiga babin lalura, kiyaye rai yana gaba. Amma kafin a kai ga ɓoye-ɓoye, a sa manya da limamin da yake jin maganarsa su zauna da shi, a kai shi gaban likitan ya ji da kunnensa. Da yawa ba mugunta ba ce, ba a taɓa yi musu bayani ba ne.

Anti Ungozoma: Malam, da girmamawa, mu da ke ɗakin haihuwa mun san mata nawa ke barin katinsu a wurinmu don kar a gani a gida. Ƙa'idar aikin da aka koya mana ba ta ce sai mace ta kawo takardar miji ba. Amma wasunmu suna ƙirƙiro nasu sharaɗin: kin yi ƙanƙanta, haihuwarki ɗaya, je ki zo da mijinki. An yi bincike a biranen da shirin NURHI na tazarar haihuwa ya yi aiki, irin su Kaduna da Zariya da Ilori da Ibadan, aka tarar ma'aikata da yawa suna gindaya irin waɗannan sharuɗɗa na shekaru da yawan haihuwa da aure. Kuma a kan wa ake gindaya su? Yarinya 'yar shekara 16 da aka aurar, ta sha wuyar haihuwar fari, ita ce ta fi kowa buƙatar hutu, ita ce kuma aka fi kora.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan Nijar wannan matsalar ta maza ce ta sa aka buɗe makarantar mazaje, daga jihar Damagaram ta fara a 2008 da taimakon UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a, kafin ta bazu zuwa sauran jihohi har da wasu ƙasashe. Ba aji ba ne da allo. Magidanta ne da gari ya yarda da halinsu, su taru su tattauna abin da ke hana matansu zuwa likita, su kuma shiga fada-fada su yi wa 'yan'uwansu magana. A wasu garuruwan har gyaran gidan likita suke yi da hannunsu. Ban ce ta warware komai ba, har yanzu haihuwarmu na cikin mafi yawa a duniya: 7.6 ga kowace mace a binciken 2012, ta sauko 6.2 a na 2021. Amma namiji ya fi jin magana daga bakin namiji ɗan'uwansa da suke salla sahu ɗaya.

Baban Sadiq: Wannan kam na yarda da shi. A zo mana ta ƙofa, ba ta taga ba.

Ɗalibar Lafiya: Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da aka fara gwada allurar Sayana Press daga 2014, tare da Burkina Faso da Senegal da Uganda. Ita ce ƙaramar allurar wata uku da ake yi a ƙarƙashin fata, wadda mace za ta iya koyon yi wa kanta. A Malawi an raba mata gida biyu, wasu suna yi wa kansu a gida, wasu suna zuwa a yi musu. Bayan shekara ɗaya kashi 73 na masu yi wa kansu suna nan a kai, masu zuwa wurin ma'aikaci kashi 45. An buga sakamakon a 2018. Kun ga a nan tafiyar ce ke karya su.

Mai Kemis: Bari in sa baki, tunda mu ba a cika tuna mu ba sai an zo kame. A unguwa da ƙauye mu ne asibitin farko. Bayan isha'i mace za ta aiko yaro da 'yar takarda, ko ta zo da kanta ta tsaya sai kowa ya watse. Wasu ƙwayar gaggawa, wadda ake sha bayan saduwa, suke sha kamar ta kullum, don ba su san akwai bambanci ba, wasu abokan sana'ar tamu ma ba su sani ba. In ana son abin ya kai ga talaka, a horar da mu, a nuna mana iyakarmu, a faɗa mana wadda za mu tura asibiti, kamar mai hawan jini.

Maman Hanan: Ni tambaya gare ni ga Anti. An zo garinmu da mota da lasifika, aka saka wa mata ashana kyauta, har da ƙanwar mijina. Bayan wata takwas ta ce a cire, jinin ya dame ta. Masu motar sun tafi. A asibitin garin aka ce babu wanda ya iya cirewa. A babban asibiti aka ce ta yi haƙuri abu mai tsada ne, bai kamata a ɓata shi ba, in kuma ta dage sai ta biya. Ƙarshe wani mai kemis ne ya tsaga mata hannu. Haka tsarin yake?

Mai Kemis: Subhanallahi. Wannan ba aikinmu ba ne ko kaɗan.

Anti Ungozoma: Ba haka tsarin yake ba, amma haka ake yi, kuma ya fi komai ɓata mana suna. Haƙƙinta ne a cire mata ranar da ta ce a cire, ko da jiya aka saka, ba sai ta kawo dalili ba. Matsalar daga sama take. Rahoton da muke aikawa duk wata, abin da aka fi dubawa shi ne mata nawa suka karɓa. Cirewa ta fi sakawa wuya, tana son horo da kayan aiki, kuma ba a yaba wa kowa a kanta. To wa zai damu?

Ɗalibar Lafiya: Wannan shi ne abin da ya fi tsaya min a rai a duk karatun da na yi. In ma'aunin nasara shi ne adadin waɗanda aka saka wa, ƙanwar mijin Maman Hanan nasara ce a rahoto, har watannin da ta yi tana yawon neman mai cire mata. Yanzu akwai masu bincike da ke cewa a sauya tambayar: an nuna mata hanyoyi fiye da ɗaya? An faɗa mata illolin? Abin da take so aka ba ta ko abin da ya rage a kabad? Ta san inda za ta je a cire? Ta wannan ma'aunin, matar Sakkwaton da Baban Sadiq ya ambata, in ta ji bayani ta ce ba ta so, an yi mata adalci. Wadda aka saka wa ba da saninta ba bayan haihuwa, an zalunce ta, ko da adadin jiharsu ya hau.

Baban Sadiq: Ah to. Da haka kika fara tun farko da ba mu ja ba. Sai dai fa ni har yanzu ban yarda masu ba da kuɗin za su karɓi wannan ma'aunin ba.

Ɗan Jarida: Ba mu ma taɓo matan da 'yan bindiga suka raba da garuruwansu a Zamfara da Katsina da Sakkwato ba, inda asibitocin ƙauye da dama suke rufe. Ko kurame da ke zuwa asibiti babu mai yi musu tafinta. Su ko cikin masu amsa tambayoyin binciken da wuya su faɗo.

Amaryar Bana: Don Allah Anti, kafin a rufe. Jaririna wata huɗu, kakarsa ta ce tunda ina shayarwa ba zan yi ciki ba. Gaskiya ne?

Anti Ungozoma: Gaskiya ne, amma da sharaɗi uku, kuma sai sun haɗu duka: yaron bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana babu ruwa babu kunu, kuma al'adarki ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, kin ga nono kaɗai ba zai kai ki can ba. Ranar da za ki kai shi rigakafi ki tsaya ki tambaya, akwai hanyoyin da ba sa taɓa ruwan nono. In da hali ki tafi da angon naki.

Amaryar Bana: Ai kakar tasa tun yana wata biyu take ɗura masa ruwa.

Anti Ungozoma: To kar ki jira ranar rigakafin, ki je cikin makon nan.